Amsa ga mai tambaya kan takalmin gyaran ƙafa: a fara duba diddige

Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Na ga tambayarki cewa ɗanki ɗan shekara 3 mai lalurar shanyewar ƙwaƙwalwa yana kuka duk lokacin da aka sa masa takalmin robar nan da ake kira AFO, kuma an ce miki yana kashe ƙafa, ko ki daina. Allah Ya ba shi lafiya. Ni ma 'yata tana da lalurar, tana shekara 2 da rabi aka fara yi mata takalmin, yanzu tana 9.

Ba magani ba ne, kada ki sa ran zai warkar da lalurar. Matsalar daga ƙwaƙwalwa take, ita ke sa naman bayan ƙwauri ya ɗaure ya ja agara, sai diddige ya ɗaga, yaro ya riƙa tafiya a kan yatsu. Aikin takalmin shi ne ya riƙe idon sawu a daidai don tafin ƙafa ya taka ƙasa gaba ɗaya, ya kuma taimaka kada naman ya gajarce yayin da ƙashi ke tsawo.

Kukan shi ne abin dubawa. Wata biyu na yi ina ɗauka rigima ce kawai, ashe ni ce ban iya sawa ba. Diddigenta ba ya sauka har ƙasan robar, yana rataye a ciki, duk taku sai ya goge ta. Mai gashin ƙashi ce ta nuna min: a lanƙwasa gwiwa tukuna, domin naman yana sakin jiki idan gwiwa na lanƙwashe, a tura diddigen har ya zauna, a fara ɗaure maɗaurin idon sawu, sannan na sama. Safa ta zama doguwa ta auduga, ta wuce bakin robar, babu ninki ko ɗaya. Takalmin da za a ɗora a kai ya zama mai faɗi, mu har shimfiɗar cikinsa muke cirewa. Kuma kada ya taka da robar tsura, santsi gare ta.

Da awa 1 muka fara, muna ƙarawa kullum. Duk cirewa ki duba fata. Jan da ya ɓace cikin minti 20 zuwa 30 ba komai, amma idan ya wuce haka ko ya yi bororo, a ajiye a koma wurin wanda ya ƙera shi. Kada ki gasa shi a wuta da kanki, na san wadda ta lalata nata haka.

Maganar kashe ƙafa kuwa, akwai ƙamshin gaskiya, tunda irin takalmin da ba ya motsi a idon sawu yana rage wa naman aiki. Shi ya sa ba a barin gashi, kuma mu an ba mu lokacin wasa babu takalmi. Daga baya aka sauya mata mai gaɓa a idon sawu, hawa matakala ya yi mata sauƙi. Amma ba kowane yaro yake dacewa da shi ba, wanda ke tafiya a durƙushe yakan buƙaci wani iri daban.

Yaushe aka auna nasa? Mu kusan duk shekara sai an sake, kuma da zarar yatsu sun fara leƙowa ta gaba, to ya yi masa kaɗan.