Kada ka ƙara musu kwafe

Ɗana, saƙonka ya iso. Ka ce an ba ka ajin CP, na ƙananan yara masu koyon karatu da rubutu, a wata lakwal da ke gefen garin nan na Maraɗi, yara sun haura sittin, da yawansu suna juya b ta koma d, in aka yi dikte kuma, wato malami ya faɗa yara su rubuta, sifili ya fi yawa. Kana tambaya ko ka ɗora wa kowa kwafen shafi guda kullum.

Kada ka ɗora. Yaron da ke zana harafi a baibai, in ka ba shi shafi guda, kuskuren zai yi ta maimaitawa har ya zauna masa a hannu, cire shi kuwa sai an sha wuya.

Kai kana duba rubutu ne bayan an gama shi, kaye kuma, littafin rubutun nan, ba ya gaya maka daga ina yaro ya fara harafi. Ka tashi daga tebur ka riƙa zagayawa ta bayansu suna cikin rubutun. Za ka ga wani ya ɗauko o daga ƙasa, wani ya ja sandar d tukuna sannan ya tsaya yana tunanin gefen da zai manna mata ciki. To nan ne ciwon yake. Harufa masu ciki, a, c, d, g, o, q, duk mafarinsu ɗaya: daga sama ta dama, a zagayo ta hagu. Ita d da ciki ake fara ta sannan a hau sanda, b kuwa hawa ake fara yi, cikin ya zo daga baya. Yaron da hannunsa ya san wannan ba ya rikita su.

Ka tuna kuma yawancinsu suna zuwa makarantar allo, hannunsu ya saba tashi daga dama. Ba abin faɗa ba ne. Ɗiga musu alama a gefen hagu ka ce daga nan ake tashi. Irin waɗannan yaran ma sukan fi saura iya riƙon alƙalami da haƙurin zama.

Kafin kaye, a rubuta harafin a iska da yatsa, kai kuma ka ba su baya lokacin da kake nunawa, don in ka fuskance su hagunka ne damansu. Daga nan a fita fili a zana a yashi, sai ƙaramin allo da alli, sai fensir. Bik shi ne ƙarshe, ko da iyaye sun matsa. In an shiga kaye, layukan nan sirara ba ado ba ne, tsakanin kowane biyu milimita 2 ne: a, e, m, n gurbi ɗaya suke ci, t da d biyu, b, h, k, l uku. Bahago kuwa ka bar shi da hagunsa, ka dai zaunar da shi a ƙarshen benci ta hagu don kada gwiwar hannunsa ta riƙa karo da ta maƙwabcinsa.

Batun dikte, kalmar da yaro bai taɓa gani ba, bai karanta ba, bai rubuta ba, ba a jarraba shi da ita. Yi musu a ƙaramin allo: ka faɗi kalma, ka buga tebur su rubuta, ka sake bugawa su ɗaga. Da kallo ɗaya ka ga aji duka, gyara kuma nan take.

Abin da ya fi rikita yaranmu shi ne rubutu iri biyu da suke gani. A allon hanya Tessaoua da Tchadoua, a Hausa kuma Tasawa da Cadawa. Faransanci na sa ou inda muke sa u ko w, tch inda muke sa c, ch inda muke sa sh. Kada ka haɗa su a darasi ɗaya, ka faɗa musu a fili yau da wane harshe ake rubutu. Tunda kundin sake gina ƙasa da Nijar ta yi a 2025 ya ɗora Hausa a matsayin harshen ƙasa, ina ganin wannan aikin ƙara hawa kanmu zai yi. Lanƙwasar ɓ, ɗ, ƙ, ƴ a koyar da ita tare da harafin tun ranar farko, don baki daban baƙi daban. Wanda ya rubuta "tahi" maimakon "tafi" kuma kunnensa lafiya lau, abin da ya ji a gida ya rubuta. Nuna masa yadda littafi ke rubutawa, ban da cewa maganar gidansu kuskure ce.

Jan bik ɗinka kuma ka rage masa aiki, kuskure ɗaya za ka bi a mako. Ranar Asabar ka zo min da kaye biyar, har da na wanda ya fi ba ka ciwon kai, mu duba tare.