Magunan unguwa da korona: in sa musu guba?

TAMBAYA

Assalamu alaikum Likita. Ina zaune a cikin birnin Kano tare da surukata, tsohuwa ce mai hawan jini da ciwon suga. Tun shigowar hunturu tari da mura suka zagaye gidan, kowa ya warke, ita nata ya ƙi tafiya, yau sati uku ke nan. Akwai maguna wajen biyar da ba na kowa ba, suna haurowa ta katanga su ci sauran tuwo a wurin wanke-wanke. Ɗaya har atishawa take yi, idonta duk kwantsa. An turo mana saƙon murya a WhatsApp wai maguna ne suka ajiye korona a jikinsu suna yawo da ita gida-gida. Maƙwabciyata ta ce a zuba fiya-fiya a kan kifi a ajiye musu, kowa ya huta. Ina da yaro mai rarrafe. Wallahi tsoro nake ji kada wani abu ya sami Inna. Shin maguna na yaɗa korona? In sa gubar?

Wata uwa daga Kano

AMSA

Wa alaikumus salam Hajiya. Allah Ya ba Inna lafiya. Kada ki sa gubar nan, kuma ki hana maƙwabciyarki sawa. Sannan gobe da safe a kai Inna asibiti. Ni likitan dabbobi ne, amma ba sai na ɗora mata abin awo ba zan gaya miki cewa tarin da ya haura sati biyu a jikin tsohuwa mai ciwon suga yana bukatar a gwada majinarta a duba ko tarin fuka ne, a kuma saurari ƙirjinta. Wannan ya fi maganar mage gaggawa.

Mage tana kamuwa da korona, wannan gaskiya ne, kuma a nan mai saƙon murya ya samo zaren da ya saƙa ƙaryarsa. A watan Maris na 2020 aka samu mage ta farko da ta kamu a Beljiyam, daga uwar ɗakinta da ta dawo daga Italiya da cutar. A watan Afrilu masu bincike a birnin Harbin na ƙasar Sin suka nuna cewa ƙwayar tana samun wurin zama a hanci da maƙogwaron mage, tana iya tsallakawa daga wata mage zuwa wata idan an tsare su kusa da juna, alhali kaji da agwagi da aladu ba sa ɗauka. A Wuhan, birnin Sin da aka fara ganin cutar, an ɗebi jinin maguna 102 bayan ɓarkewar annobar, aka samu alamar sun taɓa kamuwa a jikin 15. Waɗanda alamar ta fi ƙarfi a jininsu, magunan gidajen masu jinya ne.

Ki lura da inda cutar ta fito da inda ta nufa. Mutum ne ke shafa wa mage. Mage ta gida, wadda ke kwana a kan bargon mara lafiya, yana tari tana kwance a ƙirjinsa, ita ke ɗauka. Ta yi 'yan kwanaki tana fitar da ƙwayar, yawanci ko alamar ciwo ba ta nunawa, ta warware. Magen bola kuwa, wadda da ta ji motsin takalminki ta haye katanga, yaushe ta zauna kusa da hancin mutum har ta shaƙa, balle ta dawo masa da ita?

Daga mage zuwa mutum, labarin da aka tabbatar sosai shi ne na ƙasar Tailan, a watan Agusta na 2021. Wani mutum da ɗansa suka kamu, aka ɗauko su daga Bankok zuwa Songkhla a motar asibiti, magensu na tare da su. Wata likitar dabbobi tana cusa wa magen tsinken gwaji a hanci, sai ta yi mata atishawa a fuska. Ta sa takunkumi da safar hannu, amma idonta a buɗe. Bayan kwana uku zazzaɓi ya rufe ta, kuma da aka kwatanta ƙwayar jikinta da ta magen da ta masu ita, aka ga iri ɗaya ce. To ki auna: a duniyar da ɗaruruwan miliyoyin mutane suka kamu, ga maguna a ko'ina, sai an tona kafin a samu irin wannan, kuma sai da fuska ta zo dab da fuska. Dabbar da ta tayar wa hukumomi hankali da gaske wata ce mai kama da tunku, ana ce mata mink, da ake kiwo dubbai a keji ɗaya kusa da ɗaya don fatarta. A Danmak, a watan Nuwamba na 2020, gwamnati ta ba da umarnin a kashe su duka, kimanin miliyan 17, don cutar ta shiga cikinsu ta sauya kama ta koma wa ma'aikata. Cunkoso ne ya jawo haka. Maguna biyar a bayan katanga ba wannan ba ne.

Ita kuma mai atishawa da kwantsar ido, kusan kullum murar maguna ce, ƙwayoyinta daban, ba sa kama ɗan Adam. Akwai ma wata korona ta maguna zalla, wadda muka sani tun kafin a ji sunan Wuhan, mai kumbura musu ciki da ruwa. Ita ce ta kashe maguna da yawa a tsibirin Saifurus a 2023. Hotunan wancan lokacin har yau suna yawo a wayoyi, an cire musu bayani an liƙa musu tsoro. Ba ta kama mutum.

Yanzu bari in zo kan abin da ya fi damuna, don shi nake gani a wurin aiki, ba korona a jikin mage ba.

Mutanenmu sun ɗauka guba tana da ido, wai wanda aka nufa da ita shi kaɗai take samu. Fiya-fiya ba ta san mage ba, ba ta san ɗanki ba. Sinadarin da ke cikinta yana hana jijiyoyi hutawa: yawu ya riƙa dalala, ƙwayar ido ta tsuke, jiki ya ɗauki rawa, ƙirji ya cika da ruwa, numfashi ya tsaya. Yadda take yi wa mage haka take yi wa yaro, kuma ɗan abin da yaro mai rarrafe ke bukata kaɗan ne ƙwarai. Ga shi mage tana da tsantsani, sau da yawa ta sunsuna kifin ta ji wari ta ja shi gefe ta bari. Wa zai tsince shi? Kaza, ko akuya mai kiwon tsakar gida, ko yaron da duk abin da hannunsa ya kai sai baki. Ko almajirin da ya ga kan kifi a kwano a zaure ya ɗauka sadaka ce.

An taɓa kawo mini kaji a cikin kwali, da sassafe, duk sun sandare, bakinsu da kumfa. Mai gidan ya rantse annoba ce ta shigo. Da na buɗe maƙoƙon ɗaya, shinkafa ce da ƙashin kifi, warin maganin ya bugi hancina tun kafin in gama yankawa. Sai matarsa ta sunkuyar da kai. Muzurun da aka yi domin shi yana nan a kan katanga yana lasar hannu. Abin da ya fi tayar mini da hankali ba kajin ba ne: sun riga sun yanka guda biyu da suka ga suna magagi, an fige, ana shirin ɗorawa a wuta don kada a yi asara.

Kuma wannan abu ana sayar da shi a teburin bakin hanya, a kwalbar da ba suna ba gargaɗi, kusa da ashana da sabulu. Yaro ɗan shekara bakwai za a aika ya sayo a miƙa masa. Dokar hana hakan tana nan a takarda, masu duba ta ne ba a gani sai an yi rasuwa a zo ana rubuce-rubuce. Su kuma masu naɗar saƙon murya, mutum bai taɓa riƙe mage ba, bai san inda hancinta yake ba, zai fara da sallama mai tsawo ya ce "likitoci sun gano", ba zai faɗi wane likita ba, ya rufe da "a tura wa 'yan'uwa don Allah". Idan yaron wani ya mutu ba shi za a yi wa ta'aziyya ba.

Ce ma gubar ta yi aiki, magunan sun mutu. Tunda sauran tuwon yana nan a wurin wanke-wanke, ko wasu magunan su maye gurbinsu, ko ɓeraye su samu gari. An yi gudun gara an faɗa gidan zago. Zazzaɓin Lasa, wanda aka fara ganewa a 1969 a garin Lassa na jihar Borno, ɓera ne ke ɗauke da shi, yana bar mana a fitsari da kashinsa a kan hatsi da garin da aka shanya, kuma lokacin rani ya fi tashi. Hukumar Lafiya ta Duniya, cikin shawarwarinta na kare gida daga Lasa, har da ajiye mage ta lissafa. Ga dabbar da ke yi miki gadi ba albashi, ita za a kashe saboda cutar da mu muke shafa mata.

Ban da wannan ma, Hajiya, mu da muka tashi muna jin hadisin matar da ta shiga wuta saboda magen da ta tsare, ba ta ciyar da ita ba, ba ta sake ta ta nemi nata ba, ina muka samo ƙarfin halin ba dabba abin da zai sa ta kwana tana shure-shure? A fiƙihun da muke karantawa a zaure, ruwan da mage ta sha ana alwala da shi. Wasu ma ba guba suke sawa ba, wanka suke yi wa tasu da maganin wanke masai wai su kashe ƙwayar cuta, ko su ɗura mata farasitamol. Duka biyun kisa ne ga mage, don hantarta ba ta iya sarrafa su.

In ba kya son su a gidan, ki yanke abin da ke kawo su. A rufe sauran abinci, a wanke kwanuka kafin a kwanta, a sa wa kwandon shara murfi. Kwana kaɗan za su sauya unguwa. Mai mura ko tari a gidan kada ya rungumi mage, don kare ita magen. A wanke hannu bayan an taɓa ta, mai juna biyu kuma kada ta kwashe kashinta da hannu, akwai wata cutar daban a ciki mai illa ga ɗan tayi.

Inda magen titi ke da haɗari na gaske shi ne haƙori da farce, saboda ciwon haukan kare, wanda da zarar alamunsa sun bayyana babu magani. Idan ta ciji yaro ko ta yage shi, a wanke wurin da sabulu da ruwa mai gudu na minti 15, a tafi asibiti ranar a nemi allurar riga-kafi, kada a tsaya shafa toka ko jiran a ga abin da hali zai yi.

Idan kuma maƙwabciyar ta riga ta ajiye kifin, a sa leda a hannu a ɗauke shi, a binne da zurfi nesa da rijiya, haka ma duk gawar mage ko kaza da aka tsinta. In har yaro ya kai baki, kada a ɗura masa manja ko madara, kada a sa masa yatsa don ya yi amai. A cire masa rigar da ta taɓa maganin, a ɗauki kwalbar a tafi da ita asibiti tare da shi, don likita ya san abin da zai ba shi.