Amsa: Yadda za ka tsara CV don neman aiki a Abuja

Malam, ka ce ka gama bautar ƙasa, kana so ka nemi aiki a Abuja, amma ba ka san me za ka sa a CV ba, wato takardar tarihin karatunka da aikinka.

Shafi ɗaya ya ishe ka, kada ya wuce biyu. A sama ka sa cikakken sunanka daidai da yadda yake a takardun makaranta, sai lambar wayar da take shiga da imel mai ɗauke da sunanka, ba laƙabi ba. Idan aikin gwamnatin tarayya ne, ƙara jiharka da ƙaramar hukumarka, domin ana duba rabon jihohi. Ƙungiyoyi masu zaman kansu galibi ba ruwansu da wannan.

Inda aka fi yin kuskure shi ne wajen ƙwarewa. Kada ka rubuta "mai ƙwazo ne" kawai, kowa haka yake cewa. Faɗi abin da hannunka ya yi: idan a makaranta ka yi bautar ƙasa, rubuta darasin, ajin, yawan ɗalibai, da watan farawa da na gamawa. Ka fara da na baya-bayan nan. Kuma ka karanta sanarwar aikin da kyau, ka ɗora abin da suka nema a gaba, domin CV ɗaya ba ta dacewa da kowane aiki.

Don Allah kada ka bari mai shagon buga takardu ya kwafo maka ta wani ya canza suna, ana ganewa.

Sanar da mutum biyun da za su tsaya maka shaida kafin ka sa lambarsu. Ka tura CV ɗin a PDF, domin Word kan watse a wata kwamfutar.