Jar ƙasa a gindin bango

Malam, ka ce ruwan sama ya fantsama wa bangon gidanka na unguwar Aboabo a Kumasi jar laka, ka sa Parazone, wato ruwan bilicin wanki, amma tabon yana nan.

Ai ba zai fita ba. Jan ƙasar Kumasi na ƙarfen da ke cikinta ne, wato tsatsa, kuma Parazone ba ya cin tsatsa, sai abu mai tsami.

Ka bari lakar ta bushe ƙayau tukuna. In ka goge ta da ɗanyenta, ƙara cusa ta cikin siminti za ka yi. Ka karkaɗe da buroshi mai tauri, ka jiƙa bangon, ka wanke da omo. Inda ja ya rage, shafa ruwan lemun tsami, ka ba shi minti 10, ka dirje, ka ɗauraye sosai, don tsami yana cin siminti in ya daɗe. Fara gwadawa a lungu. Don Allah kada tsami ya haɗu da Parazone, iskar da suke fitarwa guba ce.

Mu a gidanmu tsakuwa muka zuba a gindin bango kafin ruwan Afrilu, muka shafa wa bangon fentin mai har zuwa gwiwa. Yanzu tsumma kawai muke sawa.