Mulkin Danniya Ko Duniyar Da Ta Rushe: Wanne Littafi Zan Fara Saya?

Wani ɗan'uwa ya rubuto mana yana cewa: "Ina son labaran da ke hasashen mummunar gobe. Na ga ana raba su gida biyu, wai distofiya da labaran bayan rushewar duniya, ni kuwa duk ɗaya nake ganinsu. Littafi guda kawai zan iya saya yanzu. Wanne zan ɗauka?"

Ɗan'uwa, maƙwabtan juna ne, amma kowa da gidansa. In kana so ka bambance su, duba hukuma. A labarin distofiya hukuma tana nan daram, ƙarfinta ma ya wuce kima. Kowa da aikinsa, kowa da lambarsa, sai dai babu mai ikon faɗin abin da ke ransa. A labarin bayan rushewa kuwa hukumar ce ta tafi baki ɗaya: yaƙi ko annoba ko wani bala'i ya share ta, ya bar tsirarun mutane suna neman ruwan sha da wurin kwana.

Dubi littafin 1984 na George Orwell, wanda ya fito a 1949. Winston Smith ma'aikacin gwamnati ne, aikinsa shi ne gyara tsofaffin jaridu domin abin da aka faɗa jiya ya dace da ƙaryar yau. A ɗakinsa akwai wani allo a bango da ke ganinsa yana kuma jin motsinsa, ba shi da ikon kashe shi. Sai ya raɓe a wani lungu inda allon ba ya hango shi, ya buɗe littafin rubutu, ya fara zuba abin da ke zuciyarsa. Wannan ɗan rubutun kaɗai ya isa a hallaka shi. Yanzu ajiye wannan ka ɗauki The Road na Cormac McCarthy, na 2006. Uba da ɗansa, ko sunayensu ba a faɗa ba, suna tura keken kaya a kan titi cikin toka da sanyi, sun nufi kudu wajen teku. Uban yana riƙe da ƙaramar bindiga mai harsashi biyu. Babu mai sa musu ido, haka kuma babu wanda za su kai wa kuka. Marubucin ma bai bayyana abin da ya ƙone duniyar ba, hankalinsa yana kan ko mutum zai iya riƙe mutuncinsa cikin yunwa.

Tunda guda za ka saya, ni dai Orwell zan ce ka fara da shi. Ya rubuta shi ne bayan Yaƙin Duniya na Biyu, ya ga abin da mulkin Hitler da na Stalin suka yi wa jama'a, shi ya sa littafin yake da nauyin abin da ido ya gani. In ka gama shi, za ka riƙa jin jawabin masu mulki da wani kunne daban. In kuma labarin gwagwarmayar tsira ne ya fi jan ka, ɗauki McCarthy, amma ka shirya zuciyarka, yana da ɗaci ƙwarai. Mutane da yawa sun ɗauka bam ɗin Hiroshima na 1945 ne ya haifi irin wannan rubutu na bayan rushewar duniya. Ya dai ƙara masa wuta, domin tun 1826 Mary Shelley ta fitar da The Last Man, inda annoba ta cinye 'yan Adam.

Wata uwa kuma ta tambaya: "'Yata mai shekara 13 ta dame ni in saya mata The Hunger Games. Ya dace da ita?"

Hajiya, ki san abin da ke ciki kafin ki yanke hukunci. Littafin Suzanne Collins ne na 2008. Gwamnati ce ke ɗibar yara 24 duk shekara, masu shekara 12 zuwa 18, ta sa su kashe juna ana nunawa a talabijin domin ta tsorata talakawa. Littafin yana Allah wadai ne da wannan zalunci, amma akwai jini. In yarinyar mai saurin firgita ce, fara mata da The Giver na Lois Lowry, na 1993: yaro ɗan shekara 12 a cikin al'ummar da ta kawar da ciwo da baƙin ciki, sai ta rasa launi da ƙauna tare da su. Shi ma akwai wuri guda mai sosa rai inda ake kashe jariri da allura, don haka ki riga ta karantawa, ku zauna ku tattauna bayan ta gama. The Road kam kada ki ba ta yanzu, akwai cin naman mutane a ciki.

In kin zaɓi na Collins, kada ki kwaso jerin gaba ɗaya. Sayi na farko tukuna, in ta ƙare shi tana neman na biyu sai ki ƙaro. Ki kuma duba bangon da kyau, domin wasu littattafan ana buga taƙaitattunsu don masu koyon Turanci, an yanke musu abubuwa da yawa.