Tambaya da Amsa: Daga ina kalmar "daffodil" ta samo asali?

Tambaya: Malam, ni ɗaliba ce a Maradi, ina koyon Ingilishi. Na ci karo da kalmar "daffodil", malaminmu ya ce ita ce "jonquille" da Faransanci, amma bai ƙara bayani ba. Mece ce ma'anarta, kuma daga ina ta fito?

Amsa: Malama, daffodil sunan fure ne mai ruwan ɗorawa da ke buɗewa a Turai idan sanyi ya fara janyewa, wajen watan Maris da Afrilu. Yana tsirowa daga wani kai mai kama da kan albasa, sai dai shi guba ne, ba a cinsa. Masana tsirrai suna kiran danginsa Narcissus, Larabawa kuma su ce narjis, sunan da wasu ke raɗa wa 'ya'yansu mata. Mutanen Wales, wani yanki na Birtaniya, sun ɗauke shi furen ƙasarsu, suna maƙala shi a riga ranar 1 ga Maris.

Asalin kalmar ne ya fi jan hankalina. Girkawa na da wani fure dabam mai suna asphodelos, wanda a tatsuniyoyinsu shi ne ke cika filayen da matattu ke zaune. Sunan ya shiga Latin, ya gangaro Ingila ya zama "affodil", sai Ingilawa suka laƙaba shi ga wannan furen nasu, alhali ba shi ne mai sunan ba. A ƙarni na 16 aka fara ganin harafin "d" a gaban kalmar, kuma bayanin da masana suka fi karkata gare shi shi ne cewa mutanen Holan suna cewa "de affodil", inda "de" ɗin ƙaramar kalma ce ta fayyace suna, kunnen Ba'ingile kuwa ya haɗe su wuri guda.

Wannan ba baƙon abu ba ne a bakinmu. Mai kasa albasar Galmi a babbar kasuwar Maradi yana furta "al" ɗin Larabci na al-basal kullum ba tare da ya lura ba, haka ma alƙalami da alkama. Kalmar lakwal da yaranmu ke faɗa kowace safiya kuwa l'école ce ta Faransanci, mun haɗiye ta da harafinta na gaba.

Ita kuwa jonquille ta fito ne daga Sifaniyanci, junquillo, wato ƙaramar ciyawar fadama, saboda siririn ganyen furen.