Tambayoyinku: Wane inji ne na farko a laburaren kaset?

Tambaya: Malam, muna da laburaren kaset (na'urar da ke jera kaset na ajiyar bayanai, tana saka su a injin karantawa da kanta) mai injin LTO (wani nau'in kaset na ajiyar bayanai) biyu a kan sabar Linux, manhajar ajiyarmu Bacula ce. Da wuta ta ɗauke sabar ta sake tashi, sai aiki ya tsaya. Hannun laburaren yana saka kaset, manhaja kuma tana cewa inji babu kaset. Shin injin ne ya lalace, mu sayi sabo?

Amsa: Kada ku kashe kuɗinku tukuna. Alamar da kuka faɗa ta rikicewar suna ce. Linux yana raba sunayen /dev/nst0 da /dev/nst1 ne bisa wanda ya fara gani lokacin tashi, don haka injin da yake nst0 jiya yana iya wayar gari nst1. Shi kuwa laburare da tasa ƙidayar, wadda ba ta motsi domin ta gurbi ce. Sai hannu ya zura kaset a injin ƙasa, Bacula kuma ya je yana lalube a na sama.

Ga yadda za ku warware. Ku dakatar da Bacula, ku buga lsscsi -g. Layin da aka rubuta mediumx shi ne hannun laburaren, a ce /dev/sg3. Ku buga mtx -f /dev/sg3 status, za ku ga Data Transfer Element 0 da 1, wato injinan kamar yadda laburare ya ƙidaya su. Ku tabbata duk biyun babu kaset, sannan ku ɗora ɗaya tak: mtx -f /dev/sg3 load 5 0 zai ɗauko kaset daga gurbi na 5 ya kai inji na 0. Ku ba shi kamar minti ɗaya, sai ku tambayi kowane inji da mt -f /dev/nst0 status, sannan mt -f /dev/nst1 status. Wanda ya nuna ONLINE shi ne na 0, wanda ya nuna DR_OPEN babu komai a cikinsa.

To, a nan mutane ke yin kuskure na biyu, su gyara nst0 da nst1 a fayil ɗin saitin Bacula su tafi, wuta ta sake ɗaukewa a koma gidan jiya. Ku buga ls -l /dev/tape/by-id/, za ku ga sunaye dogaye da aka ciro daga shaidar injin kansa, kowanne da kibiya zuwa nst ɗin da yake a yanzu. Wanda ya ƙare da -nst za ku rubuta a Archive Device, layin sunan inji a saitin Bacula, ku haɗa shi da Drive Index ɗin, wato lambar injin a laburare, da gwajin ya nuna. Wannan -nst ɗin ba ado ba ne: sunan da babu n, kamar st0, yana mayar da kaset farko duk sanda aka rufe shi, aiki na gaba sai ya iya rubutu a kan na baya. Changer Device ma, layin hannun laburaren, ku ba shi sunansa na by-id, domin lambar sg ita ma tana yawo.

Ku lura cewa Bacula da mtx daga 0 suke ƙidaya injina, allon gaban laburare kuma galibi daga 1. Shi ya sa nake son a manna 'yar takarda a bayan kowane inji mai ɗauke da lambar siriyal, lambar allo da Drive Index, sunan da ke cikin manhaja kuma ya faɗi wurin, kamar Lab1-Inji0. Ranar da aka sauya inji, siriyal ya sauya, sai a sake gwajin daga farko. Wasu laburare suna liƙa siriyal a gurbi maimakon inji. In naku yana da wannan zaɓi, ku kunna shi tun ranar kafawa.

Tambaya: Muna da tarin kaset na LTO-6 da LTO-7. Za mu ƙara inji, LTO-9 ya dace?

Amsa: Bai dace da tarinku ba. Injin LTO-9 kaset na 8 da na 9 kaɗai yake karantawa. Na LTO-8 yana karanta na 7 da na 8, yana rubutu a kansu, amma ba ya taɓa na 6. Na LTO-7 ne zai ɗauki duka kasetanku. Idan wurin ajiya ne ya yi muku kaɗan, kaset na 7 terabayit 6 yake ci, na 8 yana cin 12, na 9 kuma 18, ba tare da matse bayanai ba. Ku sayi injin LTO-8 ku bar tsohon injin LTO-7 a wurinsa har ku kwashe abin da ke kan na 6.

In kun haɗa iri biyu a laburare ɗaya, ku ba kowanne Media Type, wato sunan irin kaset, dabam a manhaja, in ba haka ba za ta aika kaset inda ba zai karantu ba. Haruffa biyun ƙarshe na lambar da ke jikin kaset, L6, L7 ko L8, su ke nuna irinsa. Kafin biyan kuɗi ku duba mahaɗin, SAS ne ko Fibre Channel, ku kuma tabbata injin yana cikin tiren da aka ƙera don irin laburarenku.

Tambaya: Injina biyu gare mu amma sabar tana nuna huɗu. A wata sabar kuma injin ya fito, hannun laburare bai fito ba.

Amsa: Na farko hanyoyi biyu ne zuwa inji ɗaya, abin da aka saba gani a Fibre Channel. Ku buga sg_inq a kan kowanne, siriyal biyu kawai za ku samu. Ku saka wa manhaja hanya ɗaya ga kowane siriyal, kada ayyuka biyu su yi kokawa a kan kaset ɗaya.

Na biyu kuwa, a ƙananan laburare hannun yana fitowa ne ta bayan ɗaya daga injinan, a matsayin LUN 1, wato na'ura ta biyu a kan waya ɗaya. Ku duba a allon laburare wane inji aka ba wannan aikin, ku ga ko wayarsa ce a jikin sabar. Idan a katin RAID (mai haɗa faifan ajiya) kuka jona, yawancinsu ba sa nuna LUN na biyu, sai ku sayi katin SAS HBA zalla, wato katin jona waya marar RAID, ku mayar da wayar can.